Fuskar Wani, Muryar Wani: Daga Majigin Gwarzo Zuwa Birnin Rum

Mai karatu, in ka taɓa hawa motar Gwarzo daga Kabuga, ka wuce Janguza da Rimin Gado, to da wuya a ce ba ka taɓa zama kusa da wani saurayi da ya ƙura wa waya ido ba, ya ƙure mata sauti, ana ta ba-ta-kashi a ciki. Kana leƙawa sai ka ga wani Ba'indiye mai gashin baki ya tsaya gaban 'yan daba ashirin, amma abin da ke fita daga bakinsa Hausa ce tsantsa, Hausar ma irin ta 'yan birni, ga gatse ga baƙar magana. Wannan shi ne abin da jama'a suka raɗa wa suna Indiya-Hausa.

Kwanakin baya na tsaya a wani shagon masu tura finafinai a waya a garin Kabo, na tarar da samari sun kewaye kwamfuta suna kallon irin wannan fim. Na tambaye su sunan jarumin, kafin in rufe baki sun faɗa mini, har da jerin finafinansa. Sai na ce to muryar wa muke ji? Suka ce, "Malam, ai Algaita ce." Na ce Algaita kamfani ne, mutumin fa? Ɗaya ya kawo wani laƙabi, sauran suka musa masa, aka bar maganar a nan. Ka ji fa. Muryar da ta hana su barci, wadda suke kwaikwayo a majalisa, ba su da tabbacin mai ita.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami ke nan. Ina so mu bi sawun wannan sana'a ta aron murya, mu ga inda ta faro a ƙasarmu, sannan mu leƙa ƙasar da ta fi kowace ƙasa ɗaukaka ta, wato Italiya, mu ji tarihin wani gwaninta mai suna Ferruccio Amendola. In mun dawo gida sai mu auna.

TAFINTAN MAJIGI

Tambayi duk wani dattijo a Gwarzo ko Getso ko Garo fim ɗin da ya fara gani a rayuwarsa, zai ce maka majigi ne. Mota ce ke zuwa da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, galibi a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, bayan sallar isha'i a tayar da inji, gari duk ya hallara.

Asalin abin daga wani Baturen duba-gari ne mai suna William Sellers, wanda ya fara haɗa finafinan kiwon lafiya a Legas a ƙarshen shekarun 1920. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ba shi shugabanci. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin daga Kaduna, ana nuna finafinan noma da tsabta irin su Baban Larai, da hotunan rangadin Sardauna.

Abin lura a nan shi ne kowace motar majigi tana tafe da tafinta. Shi ne ke riƙe da makirufo yana yi wa jama'a bayanin abin da suke gani, domin da yawa daga finafinan farko ko dai babu magana a cikinsu, ko kuma maganar Turanci ce. In tafinta mai baki ne sai fili ya ɗauki shewa, in kuwa mai sanyin jiki ne sai yara su fara wasan ƙasa. Wato tun ran gini tun ran zane: Bahaushe ya fara sanin fim ne da hoton wani, muryar wani. Waɗannan tafintoci su ne kakannin masu fassarar yau, kuma tarihi ya wuce da mafi yawan sunayensu.

KABOYIN DA BA NA AMURKA BA

A cikin birnin Kano kuwa, an buɗe silimar Rex a 1937, Palace ta biyo baya a 1952, sannan ga su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya da na kaboyi, daga baya na Canis suka shigo. A silima babu tafinta. Kowa ya fassara wa kansa, ko ya zauna kusa da wanda ya kalli fim ɗin sau bakwai yana gaya masa abin da bos zai ce kafin ya ce.

To ga wani abu da yawancin 'yan kallon wancan zamani ba su sani ba. Da yawa daga finafinan kaboyin da suka fi tashe daga tsakiyar shekarun 1960 ba Amurkawa suka yi su ba, mutanen Italiya ne. Wasu an ɗauke su a kewayen birnin Rum, wasu a busasshiyar ƙasar Almeriya da ke kudancin Sifen. Django, wanda Sergio Corbucci ya ba da umarni a 1966, jaruminsa Franco Nero ɗan Italiya ne. Turancin da aka ji yana yi a fim ɗin muryar wani Ba'amurke ce, Tony Russel. Abin mamaki, ko a ƙasarsa ma ba muryarsa aka ji ba, ta Nando Gazzolo ce. Haka nan ƙaton nan mai gemu, Bud Spencer, da abokinsa Terence Hill: sunayensu na yanka Carlo Pedersoli da Mario Girotti, kuma shekara da shekaru Glauco Onorato da Pino Locchi ne ke yi musu magana da Italiyanci.

Dalili kuwa shi ne a wancan lokaci masu shirya fim a Italiya ba su cika ɗaukar sauti a wurin ɗaukar hoto ba. Ɗan wasa Ba'amurke ya yi Turancinsa, Bajamushe ya yi Jamusancinsa, ɗan Sifen ya yi nasa, in an gama sai a shiga situdiyo a ɗora wa kowa murya. Ashe mun daɗe muna kallon fim mai aron murya muna tafi, ba mu sani ba.

YADDA ABIN YA KAFU A ITALIYA

Siyasa ce ta haifi sana'ar. Lokacin da fim mai magana ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920, Benito Mussolini ke mulkin kama-karya a Italiya, kuma ba ya son a ji harshen waje a ƙasarsa. A 1930 gwamnatinsa ta hana nuna fim da maganar wani harshe. Sai aka koma cire maganar ana saka rubutu a tsakanin hotuna. Nan ma aka ci karo da matsala, domin ƙidayar 1931 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar bai iya karatu ba. Kamfanonin Amurka, don kada kasuwa ta kuɓuce musu, suka fara ɗora Italiyanci tun daga can, da muryoyin 'yan Italiya mazauna Amurka, waɗanda harshensu ya riga ya karye. A 1933 aka yi doka cewa dole a cikin Italiya za a yi wannan aiki. Daga nan situdiyoyi suka buɗe a Rum, 'yan wasan daɓe da na rediyo suka sami sabuwar hanyar abinci.

Mussolini ya faɗi a 1943, amma al'adar ta zauna daram, saboda kunnen jama'a ya riga ya saba. Har ma sana'ar ta zama tsani: Alberto Sordi, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan barkwancin ƙasar, ya fito ne ta hanyar cin gasar da kamfanin MGM ya shirya a 1937 don neman wanda zai yi muryar Oliver Hardy.

Aikin kuma yana da tsari. Da farko akwai mai fassara. Bayansa akwai wani daban da zai zauna ya sake gyara maganar ta dace da motsin leɓen ɗan wasa, ta yadda in ya rufe baki a kan harafin "m" ko "b", kalmar fassarar ma ta rufe a nan. Sannan darakta ya zaɓi muryar da ta dace da kowane ɗan wasa. Ana yanka fim ɗin guntu-guntu, a yi ta maimaita kowane guntu a ɗaki mai duhu, mai murya na tsaye gaban takarda, har sai numfashinsa ya zo daidai da na mutumin da ke kan allo.

YARON DA YA TASHI A BAYAN LABULE

A cikin wannan duniya Ferruccio Amendola ya buɗe ido. An haife shi a birnin Turin ranar 22 ga Yuli, 1930, wato shekarar da aka yi waccan doka ta farko. Uwa da uba duk 'yan wasan daɓe ne, baffansa Mario Amendola kuma marubucin fim ne kuma darakta. Gado ba karambani ba: yana ɗan shekara biyar ya fara hawa dandamali. A 1943 ya fito a fim ɗinsa na farko, Gian Burrasca. A 1945, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya ara wa wani yaro murya a Roma città aperta na Roberto Rossellini, fim ɗin da ake lissafawa cikin waɗanda suka sauya tarihin silima a duniya.

Burinsa dai shi ne a ga fuskarsa. Ya shafe shekarun 1950 da na 1960 yana fitowa a finafinai da dama, amma kusan kullum a gefe: abokin jarumi, ƙaramin soja, ɗan unguwa mai surutu. Fitowarsa da aka fi tunawa a wannan zango ita ce ta soja a La grande guerra na Mario Monicelli a 1959. Allah bai ba shi irin surar da furodusoshi ke nema a jarumi ba. Muryarsa ma a ma'aunin wancan lokaci ba ta cika sharaɗi ba, don tana da kaushi da ɗan dishi-dishi, alhali masu aron murya na farko an san su da lafiyayyen lafazi irin na masu karanta labarai.

Abin da aka ɗauka aibi shi ya zama arzikinsa. A ƙarshen shekarun 1960 finafinan Amurka suka sauya salo, aka fara yin jarumai marasa kyan gani, 'yan tasha, masu tari da in'ina. A 1969 aka kawo Midnight Cowboy, inda Dustin Hoffman ya fito a matsayin gurgun ɗan damfara mai ciwon ƙirji. Tsabtatacciyar murya ba za ta yi wannan aiki ba. Aka ba Amendola, ya yi shi da tarinsa da shaƙewarsa, jama'a suka ji wani abu da ba su saba ji ba. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Duba jerin waɗanda ya zame wa baki a Italiya. Al Pacino a The Godfather na 1972 da Serpico da Scarface. Robert De Niro a Taxi Driver na 1976 da Raging Bull da Once Upon a Time in America. Sylvester Stallone tun daga Rocky na biyu, da kuma Rambo na 1982. I, Rambon nan da ka sani, wanda aka yi ta kallo a gidajen kallo na Gwarzo da Kabo da janareto, a Italiya da muryar Amendola yake magana. A talbijin kuma shi ne muryar Bill Cosby. Abin ya kai ga in manyan jarumansa biyu suka haɗu a fim ɗaya sai an yi rabo. Da aka kawo Heat na 1995, inda De Niro da Pacino suka zauna gaba da gaba, Amendola ya riƙe De Niro, aka ba Giancarlo Giannini Pacino.

Amma aikinsa da ya fi kama da namu shi ne wanda ya yi da Tomas Milian. Shi Milian mutumin Kyuba ne, a Habana aka haife shi a 1933, ya zo Italiya neman sa'a. Tsakanin 1976 da 1984 ya yi finafinai goma sha ɗaya a matsayin wani ɗan sanda ƙazami mai suna Nico Giraldi, tsohon ɓarawo da ya shiga aikin gwamnati. Daraktan shi ne Bruno Corbucci, ƙanen mai Django, kuma baffan Amendola na cikin marubutan. Amendola ya ɗora wa wannan baƙo Italiyancin 'yan tashar Rum, da zaurancensu da ashar ɗinsu, har mutanen birnin suka ɗauke shi ɗan unguwarsu. Masu sharhi sun yi ta tsaki suna cewa an zubar da mutuncin harshe, talakawa kuwa suka yi ta cika silima. Mai karatu, wannan gardama ba ta yi maka kama da wata da ka sani ba?

Sai da muryarsa ta gama zagaye ƙasa sannan fuskarsa ta samu shiga. A shekarun 1980 ya zama jarumi a wasannin talbijin irin su Quei trentasei gradini na 1984, ya kuma yi tallace-tallace. Matarsa ta farko, Rita Savagnone, ita ma gwanar aron murya ce, ɗansu Claudio Amendola kuma, wanda aka haifa a 1963, ya zama sanannen jarumi. Ferruccio ya mutu a Rum ranar 3 ga Satumba, 2001, yana da shekara 71, bayan fama da ciwon dajin maƙogwaro. Ikon Allah, inda abincinsa yake nan ajalinsa ya biyo. Bayan mutuwarsa Stefano De Sando ya gaji De Niro, Massimo Corvo ya gaji Stallone, kuma 'yan kallo sun san an yi canji, sun san sunan wanda ya tafi da na waɗanda suka zo.

MU DAWO GIDA

A nan Kano, finafinan bidiyo na Hausa sun fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Da waƙa ta kankama a cikinsu, musamman bayan Sangaya, sai aron murya ya shigo ta wata ƙofa: jarumi na motsa baki, amma Misbahu M. Ahmad ko Mudassir Ƙasim ko Rabi Mustapha ko Fati Nijar ke rerawa. Mutane da yawa a karkara sun daɗe suna zaton jarumin ne mawaƙin. Sai da mawaƙan suka fara fitar da kaset nasu da hotunansu sannan aka san su.

Ta ɓangaren fassara kuwa, dole a ambaci Nazeer Abdullahi Magoga, Bakanon da ya koyi Indiyanci ta hanyar kallon fim, ya buga ɗan littafin koyon harshen a 1996, daga baya ya riƙa yi wa masu sauraro fassara a rediyo. Da kwamfuta ta yi araha, a farkon shekarun 2010, situdiyoyi irin su Algaita, ƙarƙashin Buzo Ɗanfillo, da Sultan suka mayar da ɗora Hausa a kan finafinan Indiya babbar kasuwa. Sun fi karkata ga finafinan kudancin Indiya, na harsunan Telugu da Tamil, masu yawan faɗa, shi ya sa yaron Kabo ya san Allu Arjun da Prabhas da Mahesh Babu kamar 'yan gidansu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari a kan wannan harka.

Yanayin aikin namu ya sha bamban da na Rum. Can kamfani ne ke sayen izinin fim, a turo masa kiɗa da ƙarar harbi da sauran sauti daban, magana daban, sai ya cire maganar kawai ya sa tasa. Nan kuwa sau da yawa ɗaki ɗaya ne da kwamfuta da makirufo, a rage sautin asali a ɗora Hausa a kai, mutum ɗaya ya yi jarumi, ya yi bos, ya yi tsoho. Fassarar ma galibi daga rubutun Turancin da ke ƙasan hoto take fitowa, sai mai murya ya ƙara gishiri daga aljihunsa. Wannan gishiri shi ne abin da ke sayar da fim ɗin, kamar yadda ya sayar da na Tomas Milian.

Ƙorafe-ƙorafe kuwa akwai su, kuma ba duka ne na banza ba. 'Yan Kannywood sun koka cewa Indiya-Hausa ta karya musu kasuwa, don ba yadda za a yi fim ɗin da aka yi da ɗan jari ya yi gogayya da wanda aka kashe wa dukiya mai yawa, aka same shi a ɓagas. Iyaye da malamai sun koka da kalaman daba da yara ke ɗauka. Ga kuma batun haƙƙin mallaka, wanda duk mai son gaskiya ya san ba a tsaya an warware shi ba. Amma duk wanda ya taɓa gwada daidaita magana da leɓen wani, ko na minti ɗaya, ya san waɗannan mutane 'yan wasa ne na sosai. Mai sa ka kuka da dariya ba tare da ka ga idonsa ba, ai ba a kira shi ɗan tamore ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Bambancin Amendola da tafintan majigin Gwarzo ba a baiwa yake ba. A rubutu yake. A Italiya ana jera sunayen masu murya a ƙarshen fim, wane ya yi wane. Suna da ƙungiyoyi, suna da bikin ba da lambar yabo irin su Voci nell'Ombra, wato muryoyin da ke cikin inuwa. Da fasahar kwamfuta mai kwaikwayon muryar mutum ta taso, sun tafi yajin aiki a farkon 2023 suna neman sabuwar yarjejeniyar aiki da kariya daga satar muryoyinsu. Wannan fasaha kuwa ba za ta tsaya a Turai ba. Ranar da ta ƙware a Hausa, wanda ba a rubuta sunansa a kan aikinsa ba da wace hujja zai ce muryarsa ce aka ɗauka?

Don haka kirana ga masu situdiyo shi ne su riƙa rubuta cikakken sunan kowane mai murya da na mai fassara a ƙarshen kowane fim, tare da shekarar da aka yi aikin. Masu shirya bukukuwan karrama 'yan fim su ware kambi ɗaya na gwanin murya. Ɗalibanmu na sashen Hausa da na aikin jarida a Jami'ar Bayero, musamman 'yan Gwarzo da Kabo da Ƙaraye, in an tashi rubuta kundin kammala karatu, ga aiki a ƙofar gida: a nemi dattawan da suka ga majigi, a tambaye su wa ke riƙe da makirufo, a rubuta tun suna raye.

Kai kuma mai karatu, in ka sake zuwa shagon tura fim, bayan ka tambayi sunan jarumi, ka tambayi sunan mai muryar. In mai shago bai sani ba, ka ce ya tambayo maka daga Kano. Yau da gobe, in tambayar ta yi yawa, dole a fara rubutawa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya sa mu gama lafiya.